Hoton Ƙirjin Inna

Litinin, 5 ga Agusta 1957, bayan La'asar

Ragowar shafukan littafina na labarin ƙasa ne waɗannan. Ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa nake rubutawa.

Malam Shu'ibu dispansa ya zo gidanmu yau. Abokin Baba ne tun suna yara, don haka Baffa Haladu, ƙanen Baba, ya bar shi ya shigo har ƙofar ɗakin Inna. Inna ta ba shi baya, ta lulluɓe kai, ya ɗora abin sauraren nan a gadon bayanta ta kan zane. Ya ce ta yi tari. Ba ta sha wahalar nemo shi ba.

A zaure ya yi wa Baffa bayani, ina laɓe a bayan asabari. Ya ce akwai wata sabuwar allura, tana aiki ƙwarai, amma kaɗan ake kawowa, kuma likita ba ya ba da ita sai ya ga hoton ƙirji. Injin hoton kuwa sai Kano. Ya ce, "Da an yi wa Malam Isa tun bara," wato Baba, bai ƙarasa ba. Ya bar takarda mai sa hannun likita, da sunan Inna a sama: Rahmatu.

Inna tana cikin takabar Baba. Saura kwana arba'in da shida.

Laraba, 7 ga Agusta, da hantsi

Ta sha koko ludayi biyu. Kwana arba'in da huɗu.

Alhamis, 8 ga Agusta, bayan Azahar

An yi zama a ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. An aika aka kira Ya Gumsu, ƙanwar Inna, daga gidanta. Ni an sa ni ne don in karanta takardar.

Baffa ya ce ya tambayi limamin unguwa, ya ce lalura ta halatta wa mai takaba fita. Inna ta amsa daga ɗakinta, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara goma sha tara ba ta taɓa taka zaure ba sai da izinin Baba, ba za ta hau jirgin ƙasa tana takabarsa ba, a cikin maza da 'yan dako. Ta ce abu ɗaya ke nan da ya rage ta yi masa.

Kaka ta yi ta murza goronta a magogi. Can ta ce, "Ni ban ga abin tashin hankali ba. Rigar Rahmatu ta Sallah, wa tela ya auna?"

Ya Gumsu ta ce, "Ni."

"Awarwaronta fa, hannun wa aka kai wa maƙeri?"

"Nawa."

"Ya taɓa yi mata kaɗan? To. Uwa ɗaya, uba ɗaya, nono ɗaya kuka sha, ƙirji ɗaya gare ku. Ki je ki tsaya mata. In akwai abin da ke cikin jinin gidanku, ai injin zai gani."

Ya Gumsu ta yi dariya ta ce ita ko ba komai za ta ga Kano. Baffa ya ce wallahi tsohuwa ta kawo shawara, kuma ni Ma'u in raka ta tunda ina jin Turanci.

Kaka ta dube ni ta ce, "Malama sarkin boko, ko kina da magana?"

Na ce babu.

Asabar, 10 ga Agusta, da safe

Ina da magana.

Bara duk 'yan ajinmu aka kai mu Kano aka yi mana wannan hoto. Malamarmu ta kiwon lafiya ta zana mana a allo. Wani irin haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa nama ya tsaya a ƙashi. Lafiyayyen huhu iska ce a cikinsa, sai ya fito baƙi. In akwai ciwo sai ya fito fari-fari kamar gajimare. Hoton na wanda ya tsaya ne, ba na danginsa ba. Na ci tara cikin goma a wannan jarrabawar.

Na bi Baffa har bakin rijiya. Na ce, "Baffa, a makaranta an ce mana..." Ya ce, "Ma'u, kakarki ta haifi tara ta binne shida. Ke kuma an ce miki." Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya dafa kaina ma.

Sai na ɗauki guga kamar ruwa na zo ja.

Talata, 13 ga Agusta, Kano, ƙarfe biyar na yamma

Mota daga Haɗejiya zuwa tashar Malam Madori, daga nan jirgi. Ruwa ya kwanta a fadamu dama da hagu, shinkafa ta yi kore shar. Ya Gumsu ta sayi rogo, ta sayi ƙwai, ta yi ƙawa da wata mai kai bandar kifi Kano. Mun sauka a Fagge gidan abokin cinikin Baba. Matarsa ta yi mana gaisuwa, na amsa yadda ya kamata.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan Azahar

An yi.

Mutane sun fi hamsin a kan benci. Akawu ya fito da takardu ya kira, "Rahmatu Haɗejiya!" Ya Gumsu tana kallon wata Baturiya mai farar hula, ba ta ji ba. Ya sake kira. Ni na miƙe na ce, "Ga ta nan."

Ni na faɗa. Ba Kaka ba, ba Baffa ba.

Ɗakin da duhu-duhu, injin ya fi ni tsawo, yana gurnani a hankali. Mai ɗaukar hoton mutumin Kudu ne, Hausarsa kaɗan ce, sai ya yi ta yi mini Turanci ina juyawa. Ta cire sarƙa da layu. Ta manna ƙirji a jikin wani farantin ƙarfe. Ta ce, "Wai, sanyi! Ma'u, ce masa ya bari in gyara ɗankwali, kada in fito kamar mahaukaciya." Na ce mata fuska ba ta fitowa. Ta ce to amfanin me.

Ya tambaye ni, wata nawa tana tari? Na ce biyar. Ya dubi kumatunta, ya dube ni. Na sunkuyar da kai. A nan ne ya kamata in faɗa. Babu Kaka, babu Baffa, kuma da Turanci ne, Ya Gumsu ma ba za ta gane ba. Amma akwai layi a bayanmu, yana ta duba agogo, sai na ji harshena ya yi nauyi kamar ranar da aka tsayar da ni karatu a gaban baƙi.

Ya ce za a aika da hoton Haɗejiya in likita ya duba.

Juma'a, 16 ga Agusta, da yamma

Mun dawo. Yau Juma'a, ranar wankan Inna da tsifar kai. Da na zuba mata ruwa na ga ana iya ƙirga haƙarƙarinta ba tare da wani inji ba. Kwana talatin da biyar.

Alhamis, 22 ga Agusta, da hantsi

Ina addu'a hoton ya ɓata a hanya. Ban sani ba ko ya halatta a roƙi irin wannan.

Litinin, 26 ga Agusta, bayan La'asar

Bai ɓata ba.

Malam Shu'ibu ya kawo shi da kansa cikin babban ambulan. Ya ɗaga shi sama a tsakar gida, rana ta ratsa. Ƙashin baya a tsakiya, haƙarƙari a jere kamar haƙoran mashaci, zuciya a karkace gefe ɗaya. Huhu baƙi ƙirin, dama da hagu. Ba gajimare ko kaɗan.

Ya ce likita ya rubuta ƙirji lafiya lau, ba a buƙatar allura, a ci gaba da ruwan maganin tari. Kaka ta rangaɗa guɗa, ta tuna gidan takaba ne, ta toshe baki.

Malam Shu'ibu bai yi murna ba. Ya yi ta juya hoton. Ya ce, "Shekara ashirin ina sauraron ƙirjin mutane, kunnena bai taɓa yi mini ƙarya irin wannan ba. To, tsufa ne. Injin Bature ya fi ni." Sai ya tambayi Baffa yaya mai jiki ta ji da wahalar jirgi. Baffa ya ce alhamdu lillahi. Shi a ransa ba ƙarya ya yi ba, yana ganin an yi abin da aka ce a yi. Kunya ce ta hana shi faɗin cewa matar wansa ta ƙi fita.

Kwana ashirin da biyar.

Laraba, 28 ga Agusta, da hantsi

Matan unguwa suna ta zuwa barka. Kaka ta jingina hoton a jikin jeren kwanoni, duk wadda ta shigo sai a ɗaga mata shi a bakin ƙofa. Wata ta ce a'uzu billahi, ashe haka muke a ciki. Wata ta ce ina hanjin? Larai maƙwabciyarmu ta ce, "Ma'u, ke da kika yi karatu, nuna mana inda tarin yake zama." Na nuna mata. Ta ce, "Ai kuwa ba ya nan."

Inna tana ciki tana yi, duk suna ji.

Asabar, 31 ga Agusta, da sassafe

Na wanke tsumman Inna a bayan ɗaki tun Kaka ba ta fito ba. Ba zan rubuta launinsa ba.

Talata, 3 ga Satumba, bayan Azahar

Na kai kwalba ɗakin shan magani. Tun daga gida nake maimaita abin da zan faɗa, na tsara shi jimla uku. Na tarar da layi. Malam Shu'ibu ya ce, "A'a, Malama Ma'u, yaushe za ki zama likita ki kore mu daga aiki?" Mutane suka yi dariya. Ya cika kwalbar ya ce, "Akwai wani abu?"

Na ce Kaka tana gaishe shi.

Takarda ta zo daga makaranta, suna tambayar yaushe zan koma. Na sa ta a ƙarƙashin tabarma. Kwana goma sha bakwai.

Juma'a, 6 ga Satumba, da hantsi

Ina tsefe wa Inna kai, mu biyu ne kawai. 'Yar wuƙar takabarta tana kan cinyarta. Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Ke, ɗauko mini hoton nan."

Na ɗauko. Ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Gumsu lafiyarta ƙalau. Na gode wa Allah. Na yi ta tsoro, don ita ta yi jinyar babanki tare da ni."

Na ce, "Inna, kin sani?"

Ta ce, "Ni da ƙirjina? Kin ɗauka sai an je makaranta?"

Na ce to me ya sa ta yi shiru. Ta ce, "Ke me ya sa kika yi?"

Na yi kuka a cikin gashinta. Ta ce in bari, ina jiƙa mata kai. Ta ce saura kwana goma sha huɗu, in ta gama ko Ikko ne a kai ta. Na ce Inna, ciwon ba ya ƙirga kwana. Ta ce ita tana ƙirgawa.

Lahadi, 8 ga Satumba, da yamma

An wuni ana ruwa. Ba ta tashi ba sai don salla, ita ma a zaune.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan Azahar

Na faɗa.

Ban jira layi ya ƙare ba, don na san in na jira ba zan iya ba. Na tsaya a gaban teburinsa na ce, "Malam, hoton nan ba na Inna ba ne, na Ya Gumsu ne, ni na amsa sunan." Duk jimlolin da na tsara sun gudu. Muryata ta fita da ƙarfi, har wani tsoho mai ciwon ƙafa ya juyo.

Malam Shu'ibu ya ajiye cokalin awon magani. Ya ce, "Inna lillahi." Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Kakarki ban ga laifinta ba, ba ta taɓa ganin injin ba. Haladu ma haka. Amma ke, Ma'u?"



Ya ce a yanzu takardar likita ta ce lafiya, shi ba shi da ikon buɗe akwatin allura a kan maganar baki, kuma likita ba zai zo rangadi ba sai ruwa ya janye. Hanya ɗaya ce, a kai ta Kano a sake hoto. Ya rubuta sabuwar takarda, ya ja layi biyu a ƙarƙashin sunan. Ya ce, "Wannan karon mai sunan za ta tsaya."

Talata, 10 ga Satumba, da hantsi

Labari ya riga ni isa gida. Baffa ya ce na tsaya a gaban jama'a na mai da gidanmu abin dariya, yanzu a kasuwar kifi ana tambayarsa ko zai aiki ƙanensa ya sha masa magani. Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta sauke hoton daga jikin kwanoni, ta mayar cikin ambulan. Ta ce, "Da kika san haka, me ya hana ki faɗa ran da na tambaye ki?" Na ce kunya. Ta ce, "Kunyata ta fi uwarki?"

Daga baya na hango ta a ƙofar ɗakin Inna, a durƙushe, tsohuwa da ita. Tana cewa, "Rahmatu, ɗana ne, ni na haife shi, na yafe miki sauran kwanakin. Ki tashi ki tafi." Inna ta ce, "Iya, ba naki ba ne da za ki yafe."

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan La'asar

Kogi ya cika ya ɓalle. Ruwa ya cinye hanyar Malam Madori wuri biyu, mota ba ta wucewa. Masunta suna yawo kan gora a inda muka bi da mota watan jiya. Ko da Inna ta yarda yau, sai an nemi kwalekwale.

Ba ta yarda ba. Kwana takwas.

Lahadi, 15 ga Satumba, da hantsi

Ya Gumsu ta dawo gidanmu da kayanta. Ba ta dariya yanzu. Tana dama wa Inna kunu ta ce mini, "Da na ga mutumin nan yana kallon kumatuna, sai da gabana ya faɗi. Na ce in da matsala ai Ma'u za ta faɗa."

Malamarmu ta taɓa cewa a wasu ƙasashe ana ɗora injin a bayan mota, a bi gari gari, har ƙofar gida. Na yi ta tunanin wannan mota yau. Ko da akwai ta, ina za ta bi?

Laraba, 18 ga Satumba, da safe

Tsumma uku. Kwana biyu.

Juma'a, 20 ga Satumba, bayan Azahar

Ta fita takaba. An yi mata wanka, an yi sadakar waina, ta ajiye wuƙar. Ya Gumsu ta ɗaura mata sabon zane, sai da ya zagaye ta sau biyu. Ta ce, "To, na gama. Ku kai ni inda za ku kai ni."

Ta miƙe don ta taka zuwa zaure da ƙafarta. Taku huɗu ta yi.

Lahadi, 22 ga Satumba, tashar Malam Madori, ƙarfe uku na rana

A kan ƙyauren ɗaki aka ɗauke ta zuwa bakin ruwa. Baffa da kansa ya riƙe gaba. Kwalekwale biyu, sannan amalanke, sannan wani kwalekwalen. Baffa ya riƙe mata laima tun safe, bai canza hannu ba. Bai yi mini magana ba tun Talatar can, amma ɗazu ya miƙo mini gyaɗa.

Jirgi ya yi latti. Tana kwance kan tabarma a inuwar ɗakin awo. Takardar tana cikin rigata, ina taɓa ta kowane lokaci.

Laraba, 25 ga Satumba, Kano, bayan La'asar

Mai ɗaukar hoton ya gane ni. Ya dubi takardar, ya dubi Inna, ya dubi Ya Gumsu da ke riƙe da ita. Bai tambaye ni komai ba. Ya kawo kujera, aka zaunar da ita, aka tallafe ta da matashi.

Ba a ce mu koma gida mu jira ba. Hoton bai gama bushewa ba aka kira mu wajen likita. Ya manna shi a jikin wani akwati mai fitila. Na ci tara cikin goma, na san abin da nake gani. Na nemi baƙin wuri. Akwai kaɗan a ƙasa, ta hagu.

Likitan ya yi mini magana a hankali, don in gane sosai. Ya nuna da alƙalami nan, da nan, da nan. Ya tambayi yaushe aka fara ba da takardar hoto. Na ce mako bakwai ke nan. Ya rufe alƙalamin. Ya faɗi abin da zai yiwu da an zo a lokacin, ya faɗi abin da yake gani yanzu. Ya ce duk da haka za a ba ta gado, za a gwada. Sannan ya ce in gaya mata.

Inna tana kallon bakina. Baffa yana bakin ƙofa da hularsa a hannu.

Na ce, "Ya ce za a kwantar da ke, gobe za a fara allura."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta huta kaɗan. Ta ce, "Ke, ai ya daɗe yana magana. Shi ke nan abin da ya ce?"

Na ce shi ke nan.